Hoton Katangar Maƙwabci

 Hutu ya matso, kuma mun san da yawanku za a miƙa muku wayar gida a ce, "Kai da ka iya, ɗauki hoto ka tura wa Baffanka." A kan wannan ɗan aiken za mu yi magana yau, domin ya taɓa faɗo mana, kuma saura ƙiris mu ci amana.

Baffanmu tela ne a Jidda, ya haura shekara goma a can. Gidanmu na gado yana Kaura Namoda, ba nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo ya tsaya tun 1929. Ginin ƙasa ne, zaure da soraye biyu, rufin azara, kuma duk damina sai an jera kwanoni a ɗakin kakarmu Inna ana tarar yoyo. Da darajar naira ta faɗi daga watan Yunin 2023, ɗan riyal ɗin da Baffa ke turowa ya ƙara auki idan an canza, ko da yake siminti ma bai tsaya jiran kowa ba. Sai ya ce a tayar da katangar gabas da bulo, a yi wa ɗakin Inna rufin kwano kafin ruwa ya sauka.

Kuɗin ta hannun babban yayanmu suke biyowa. Mu namu shi ne hoto da saƙon murya a WhatsApp duk Juma'a. A gaskiya Baffa ya fi ɗokin saƙon muryar a kan hoton bulo. Nan muke zayyana masa wa ya je ina: Inna ta je suna Shinkafi, ta haɗa da kasuwar Alhamis, ta dawo lafiya, wane ya kwana a tasha saboda direbobi sun ce hanyar Zurmi ba ta biyuwa da yamma. Tun lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021, ya yi makonni bai ji muryar mahaifiyarsa ba, Baffa ba ya ƙaunar shiru. In Juma'a ta wuce bai ji mu ba, ranar Asabar da asuba zai kira.

Ana cikin aiki, sai ga Gwaggonmu da 'ya'yanta biyar daga wani ƙauye a ƙasar Zurmi, da ɗan abin da suka iya ɗaurewa a zani. 'Yan bindiga sun tayar da su. Baki shida sun ƙaru a tukunya, ga ƙaramin cikinsu ba lafiya. Yaya ya ɗebi kuɗin siminti ya sayi masara da magani, yana cewa zai mayar in ya sayar da wake. Bai mayar ba, katanga ta tsaya a layi uku.

Ranar Juma'a ya kira mu gefe. "Ku je bayan gidan maƙwabcinmu, katangarsa sabuwa ce, ku ɗauka ku tura. Kada mu tayar wa Baffa hankali yana ƙasar mutane." Ba za mu ɓoye muku ba, mun je mun ɗauka. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Kuma har yau ba mu ɗauki Yaya a matsayin macuci ba, don ko sisi bai sa a aljihunsa ba.

Amma mun kwana da hoton a waya ba mu tura ba. Abin da ya hana mu barci lissafi ne mai sauƙi. Mutumin da ke nesa ba shi da ido sai namu. In ya ga katanga ta kammala, kuɗin gaba zai ce a sayi fenti, alhali ɗakin Inna na nan da yoyonsa, ga yara biyar na kwana a zaure. Ga shi kuma yana shirin zuwa gida da iyalinsa, har da 'ya'yan da aka haifa a can waɗanda ba su taɓa ganin Kaura ba. Rana ba ta ƙarya. Ran da ya sauka a ƙofar gida, wa za a ce ya turo hoton?

Ba mu tsaya musu da Yaya ba, don ƙane ba ya gyara wa wa magana a gaban mutane. Wurin Inna muka nufa bayan sallar asuba, muka nuna mata. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta sa aka kira shi. "Kai ka kashe, kai za ka faɗa masa da bakinka," in ji ta. Mu muka riƙe wayar, shi ya yi magana.

Kwana biyu Baffa bai ce uffan ba. Da ya kira, faɗa ya yi sosai, amma ba a kan siminti ba. "Yanzu ƙanwata ta gudo da 'ya'yanta, ku kuna ba ni labarin suna da kasuwa?" Wannan kam mu ya shafa, domin mu ne muka riƙa tace labarin muna tura mai daɗin.

Tun daga ranar muka sayi littafi mai bango ja. Duk abin da ya shigo a rubuta da kwanan wata, buhu nawa, tifar yashi nawa, nawa birkila ya karɓa, sai a ɗauki hoton shafin a haɗa da na aikin. In za ku ɗauki gini, ku ja baya har ƙofar gida ko dalbejiyar da mai gidan ya sani ta fito a ciki. In kuma babba ya sa ku abin da zuciyarku ba ta kwanta da shi ba, ku nemi wanda ya girme shi a gidan.

Baffa ya sauya tsari. An fara da rufin Inna, an gyara soro ɗaya Gwaggo ta shiga da yaranta. Katangar gabas na nan a layi uku, awaki na tsallakawa. Ya ce a Kano zai sauka in Allah ya yarda, ya kwana Gusau, ya ƙaraso Kaura da hantsi, kuma kada kowa ya taɓa katangar sai ya zo ya gani da idonsa. Sai mako mai zuwa.