Likitocin Zaure, Ku Ƙyale Gurbin Haƙori Ya Warke

Cire haƙori aiki ne na 'yan mintuna, amma warkewar ramin da ya bari tana ɗaukar makonni, kuma a gida take faruwa. Da zarar majiyyaci ya dawo da auduga a baki, sai likitocin zaure su yi masa caa. Wannan ta ce a kawo ruwan zafi da gishiri ya wanke “mataccen jini”, wancan ya ce a danna kanwa ko garin taba a ramin, wani kuma ya aiki yaro kemis a haɗo ƙwayoyi. Kowa da kyakkyawar niyyarsa. Sai dai niyya ba ta hana ɓarna, kuma da yawa daga masu komawa asibiti suna kuka, irin wannan shawara ce ta mayar da su.

Jinin da ake ƙyama ɗin nan shi ne maganin. Idan an cire haƙori, jini yakan taru a gurbin ya daskare, ya zama marufi a kan ƙashin muƙamuƙi da jijiyoyinsa. A ƙarƙashinsa sabon nama yake tsirowa. Duk wanda ya sa majiyyaci kurkure baki da ƙarfi a ranar farko, ya sa shi ya tsige marufin da hannunsa. Sakamakon shi ne abin da likitoci ke kira busasshen gurbi: ƙashi ya zauna a buɗe, bayan kwana 2 zuwa 4 ciwo ya taso wanda ya fi na haƙorin da aka cire, yana harbawa har kunne, baki kuma ya riƙa wari. A lokacin, masu shawarar sai su juya su ce likita bai iya aiki ba.

Ƙa'idar ba ta da wuya. A cije audugar da aka sa na kimanin minti 30. A cikin sa'o'i 24 na farko kada a kurkure baki, kada a riƙa tofar da yawu, kada a zuƙi lemo da bututu, kada a taɓa wurin da harshe ko yatsa. Sigari da shisha a bar su aƙalla kwana 3, domin zuƙar tana fizge gudan jinin, hayaƙin kuma yana jinkirta warkewa. A sha koko ko kunu da ya huce, a ci abinci mai laushi ta ɗaya gefen. Goro, rake, aya da kilishi su jira. Idan yaro ne, a sa masa ido har allurar kashe zafi ta sake shi, don yakan tauna leɓensa bai sani ba.

Mutane kan tambaya: to alwala fa? A mazhabar Malikiyya kurkurar baki sunna ce, ba ta cikin farillan alwala. Wanda aka cire wa haƙori yana iya sa ruwa kaɗan a baki ya bar shi ya zubo da kansa, ba tare da wujijjiga shi ba. Babu dalilin da zai sa ya yi wa kansa rauni da sunan tsarki.

Sai batun kemis. Asfirin yana hana jini daskarewa, don haka shan sa domin ciwon cire haƙori ƙara zubar jini ne, ɗora ƙwayarsa a kan dasashi kuma ƙona nama ne. Farasitamol ya wadatar ga mafi yawan mutane. Ibuprofen ma yana aiki, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha sai da izinin likita. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba alewa ba ne: mai lafiyar da aka cire wa haƙori ba tare da wata matsala ba galibi ba ya buƙatarsa, kuma shan sa barkatai ne yake sa ya daina aiki ranar da ake nemansa da gaske. Wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini, kada ya daina da kansa. Ya faɗa wa likitan haƙori tun kafin a fara, kamar yadda mai ciwon suga, mai hawan jini da mai sikila za su faɗa.

Za a ce: ai ruwan gishiri tun kaka da kakanni ake amfani da shi. Gaskiya ne, likitoci ma suna ba da shawararsa, amma bayan sa'o'i 24: rabin ƙaramin cokali a kofin ruwa mai ɗumi, a hankali, sau 3 ko 4 a rana, musamman bayan cin abinci. Magani ɗaya ne, lokaci ne ya raba amfaninsa da cutarwarsa. Za a kuma ce wasu asibitocin ba sa yi wa majiyyaci bayani. Wannan ma gaskiya ne, kuma laifi ne. Maganinsa shi ne kada ka tashi daga kujerar likita sai ka tambaya ka fahimta.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan an sake cije tsabtatacciyar auduga, zazzaɓi, mugunya, ko kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana 3, duk na komawa asibiti ne. Kumburin da ya sauka ƙarƙashin haɓa har haɗiya ko numfashi ya yi wuya ya fi kowanne haɗari. Likitan Jamus Wilhelm von Ludwig ya bayyana wannan ciwo tun 1836, kuma har yau yana kisa idan aka tsaya shafe-shafe a gida.

Iyaye da 'yan uwa, in kuna son taimaka wa majiyyacinku, ku dama masa kunu, ku ɓoye masa sigari, ku tuna masa ranar komawa asibiti. Ramin kuwa ku ƙyale shi, kada garin neman gira a rasa ido.