Koyon Faransanci ta Waya: Kunne Ya Samu, Saura Baki

Ina so in faɗi ra'ayina a kan wani abu da ya zama ruwan dare a tsakaninmu, watau koyon Faransanci ta wayar hannu lokacin hutu. Wasu sun ce ɓata lokaci ne kurum, wasu kuwa har suna cewa nan gaba kaɗan ba sauran bukatar malamin aji. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa.

Da farko dai, me ya sa za mu damu da wannan harshe? Ƙasashe huɗu ne suka yi iyaka da Nijeriya ta ƙasa, watau Nijar da Chadi da Kamaru da Binin, kuma a dukkansu ana aiki da Faransanci. Na san wani zai ce ai a 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa. Gaskiya ne, kuma abin farin ciki ne a gare mu. Amma dokar nan ta bar Faransanci a cikin harsunan aiki, don haka wanda ya iya shi bai yi asara ba. Dubi ma yadda ya shiga bakin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda ke ce wa makaranta "lakwal", malami kuma "mushe".

To, ga inda waya ta yi mana rana. Faransanci harshe ne da rubutunsa da faɗarsa suka yi hannun riga. Mu Hausawa mun saba abin da muka gani a takarda shi za mu furta. Amma su ruwa sai su rubuta "eau", haruffa uku, su ce "o". Kalmar "beaucoup", watau da yawa, "boku" ake cewa, harafin ƙarshe yana nan zaune ba wanda ya taɓa shi. Akwai kuma "dessus" da "dessous", ɗaya sama ɗaya ƙasa, bambancinsu ɗan murɗa leɓe ne kawai. Ina littafi zai koya maka wannan? Malaminmu yana iyakar ƙoƙarinsa, amma shi kaɗai ne, mu kuwa ajin cike yake, kuma kafin kowa ya furta jimla guda an buga ƙararrawa. Waya kuwa ba ta gajiya. Ko sau ashirin ka ce ta maimaita, za ta maimaita, ba ta yi maka dariya. Gidan rediyon RFI, wanda ya buɗe sashen Hausa a 2007, yana da labaran duniya na minti goma cikin sassauƙan Faransanci, ana iya sauraro ana bin rubutun da ido. Wanda ya lizimci wannan a hutu, lalle za ka ji canji a kunnensa. (Af, ga wata dabara ga waɗanda suka yi Islamiyya: harafin "r" na Faransawa daga maƙogwaro yake fita, kusa da "gain" na Larabci.)

Amma fa akwai sauran rina a kaba. Manhajojin koyon harshe, irin su Duolingo da ta fito a 2012, ta Turanci muke bi mu koyi Faransanci a cikinsu, wanda Turancinsa ke ɗingishi kuwa kaya biyu ya ɗauka. Sa'an nan akwai ƙidayar kwanaki da maki da ake ba mai koyo don ƙarfafa masa gwiwa. Abin ba laifi ba ne, mu ne muka mai da shi gasa. Sai ka ji yaro yana alfahari ya yi kwana arba'in a jere bai tsallake ba, amma ka gaishe shi da Faransanci ka ƙara da tambaya ɗaya, sai ya kama sosa ƙeya. Dalili kuwa a fili yake: zaɓar amsa da yatsa daban, haɗa magana a gaban mutum mai jiran amsarka daban. Jarrabawar Faransanci ta WAEC kuwa tana da ɓangaren baka, inda ba yatsa za a tambaya ba.

Babbar matsalarmu mu 'yan makarantar kwana ita ce, duk abin nan a hutu yake ƙarewa. Dokar makaranta ta hana riƙe waya, kuma ni ban ce a soke ta ba, gama kowa ya san abin da zai faru da lokacin nazarin dare in aka sake. Sai dai wata uku kunne bai ji harshe ba, abin da aka tara sai ya zube.

Saboda haka ina roƙon hukumar makaranta ta ba mu sa'a ɗaya ran Asabar a ɗakin kwamfuta, malami yana wurin. Ba sai da intanet kullum ba, ana iya sauko da shirye-shiryen tun da wuri a saka mana ta lasifika. Rabin sa'a mu saurara, rabin sa'a a kashe na'ura mu juya bibbiyu mu faɗa wa juna abin da muka ji, ko da da gurguwar jimla ne.

Ku kuma iyayenmu, ku ne ke cire kuɗi ku saya mana data, kuna da ikon tambaya. In ɗanku ya ce Faransanci yake koyo, kada ku tsaya ga makin da zai nuna muku. In akwai maƙwabci mutumin Nijar ko Kamaru wanda ya yi lakwal, ku tura yaron ya gaishe shi, ya tambaye shi labarin garinsu, ku kuwa ku tsaya daga gefe ku ga minti nawa hirar za ta yi.