Jiragen Yaƙi Na Ta Rikitowa, Rahoton Bincike Na Cikin Durowa

Mutumin birnin Zariya ba baƙon ƙarar jirgi ba ne. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a garin nan, don haka yaron Kwarbai ko na Babban Dodo da ɗaga kai yake tashi, yana kallon ƙananan jiragen ɗalibai suna shawagi. Amma ƙarar jirgin yaƙi daban take. Idan ta tsaga sama hira kan tsaya a majalisa, wani ya yi murmushi ya ce yau 'yan daji sun shiga uku. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne: shekarar wannan jirgi nawa, wa ya sayo shi, nawa aka ce an biya, kuma ranar da ya rikito wa zai fito ya gaya wa al'umma dalili?

Domin suna rikitowa. A shekarar 2021 kaɗai, cikin ƙasa da wata biyar, rundunar sojin saman ƙasar nan ta yi asarar jirage huɗu da rayuka 20. Ranar 21 ga Fabrairu wani jirgin leƙen asiri ya faɗi a Abuja da mutum 7, suna kan hanyar Minna wajen neman ɗaliban Kagara da aka sace. Ranar 21 ga Mayu wani irinsa ya faɗi a kusa da filin jirgin saman Kaduna, ya ci Hafsan Hafsoshin Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da wasu mutum 10. Sauran biyun jiragen yaƙi ne ƙirar Alpha Jet, kuma labarinsu ya fi tona asiri.

Na farko ya ɓace ne da yammacin Laraba 31 ga Maris a wajen Konduga ta jihar Borno, ɗauke da matasan hafsoshi biyu, John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele. 'Yan Boko Haram suka saki bidiyo suka ce su suka harbo shi. Rundunar ta ce ƙarya ne, haɗa hoton aka yi. To, an ji, ƙarya ne. Ina gaskiyar? Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Sai da aka kwashe shekara guda cur, a watan Maris na 2022, sannan sojojin ƙasa suka ci karo da tarkacen jirgin a dajin Sambisa. Shekara guda iyaye da 'yan uwa suna zaune tsakanin zaman makoki da sa rai.

Na biyun kuwa ranar Lahadi 18 ga Yuli ne, ana jibi Babbar Sallah. Jirgin na dawowa daga kai farmaki a iyakar Zamfara da Kaduna sai 'yan bindiga suka buɗe masa wuta. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya yi tsalle da laima, ya dira a daji, aka bi shi da harbi, ya ɓuya har dare ya yi, sannan ya yi ta lalube da taimakon wayarsa har Allah ya kai shi wajen sojoji. Washegari rundunar ta fitar da sanarwa cike da yabon jarumtakarsa, kuma ya cancanci yabo. Amma yabon ya zama bargon da aka lulluɓe babbar tambaya da shi: ta yaya ɓarayin shanu na jiya suka mallaki makamin da ke kakkaɓo jirgin yaƙi, ta wace iyaka ya shigo, wa ya sayar musu?

Kafin wannan an yi na Katampe. Ranar Juma'a 28 ga Satumban 2018 jiragen F-7 guda biyu, ƙirar ƙasar Sin, suka gogi juna a sararin Abuja. Ba yaƙi suke ba, gwajin wasan da za a yi wa manya ranar bikin 'yancin kai suke yi. Hafsa Bello Mohammed Baba-Ari ya rasa ransa. A lokacin da mutanen Birnin Gwari da Zamfara ke kwana a daji don tsoro, jirgin yaƙi yana koyon rawa a saman fadar mahukunta.

Duk lokacin da aka yi irin wannan, karatun ɗaya ne, har yara sun haddace shi. Za a yi ta'aziyya, a lulluɓe akwatuna da tuta, a ce an kafa kwamitin bincike mai ƙarfi. Daga nan an gama. Idan jirgin fasinja ya faɗi a ƙasar nan, hukumar binciken haɗurra takan buga rahoto kowa ya karanta, har ɗalibin da ke koyon tuƙi a nan Zariya ya ɗauki darasi. Na soja kuwa sai a ce sirrin tsaro ne. Hatta haɗarin da ya ci Janar Attahiru, an miƙa rahoton wucin gadi ga Hafsan Sojin Sama a watan Satumban 2021, aka ɗauki hoto, aka rufe shi. Idan mutuwar babban janar ba ta isa a yi wa al'umma bayani ba, ina ga ta ƙaramin hafsa ɗan talakawa?

Wannan ɗabi'a ta tsufa. Manya a Zariya suna tuna 26 ga Satumban 1992, ranar da jirgin dakon sojoji C-130 ya faɗa fadamar Ejigbo a Legas jim kaɗan da tashinsa, da mutum sama da 150, galibinsu hafsoshin da ke kwas a Jaji, nan bayan gari a kan hanyar Kaduna. Zamanin Babangida ne. Fiye da shekara 30 ke nan, jita-jita ta haihu ta yi jikoki, saboda an hana gaskiya fitowa ta kashe ta.

Me ake ɓoyewa? Sau ɗaya aka ɗan ɗaga murfin tukunyar, kuma warin da ya fito ya isa amsa. A 2015 gwamnatin Buhari ta kafa kwamitin binciken sayen makamai. A watan Janairun 2016 fadar shugaban ƙasa da kanta ta bayyana abin da ya gano a rundunar sojin sama. An ba da kwangilar sayo Alpha Jet guda huɗu na gwanjo, biyu aka ga sun iso a lokacin, su ma sai da aka ciro injuna daga jiragen gida aka ɗora musu, kuma ba su da wurin ɗaura makami, watau ba za su iya zuwa fagen fama ba. An sayo tsofaffin jirage masu saukar ungulu guda biyu a kan dala miliyan 137 ba kaɗan, alhali sabo fil bai wuce kimanin dala miliyan 30 ba. Kwamitin ya ce ba su cancanci tashi ba a lokacin da aka kawo su, ko farfela babu. Ɗaya daga ciki ya faɗi ranar 13 ga Nuwamban 2014, ya kashe sojoji biyu. Ɗan uwa mai karatu ya sake karanta wannan jimla. Waɗannan bayin Allah ba a dajin Sambisa aka fara haƙa kabarinsu ba, a kan teburin kwangila aka fara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

An gurfanar da tsofaffin shugabannin rundunar biyu. Alex Badeh an tuhume shi da karkatar da naira biliyan 3.9, 'yan bindiga suka kashe shi a hanyar Keffi a Disambar 2018 kafin a yanke hukunci, daga baya kotu ta ƙwace wasu kadarori ta miƙa wa gwamnati. Adesola Amosu an tuhume shi kan sama da naira biliyan 20, aka yi ta ɗage zama tun 2016, har a 2024 kotu ta kori ƙarar bisa hujjar rashin hurumi. Wanda ya saci akuya a ƙauye ba ya samun irin wannan dogon numfashi.

Masu kare mahukunta za su ce ai jirgin yaƙi ko a Amurka da Rasha yana faɗuwa. Gaskiya ne, ƙarfe ne, ɗan Adam ya ƙera shi, ajali kuma idan ya zo babu makawa. Amma ƙaddara ba mafakar ɓarawo ba ce. Alpha Jet ɗin nan Faransa da Jamus suka ƙera shi don horar da matuƙa da kai ƙananan hare-hare, Nijeriya ta sayi 24 tun farkon shekarun 1980, Jamus ɗin kanta ta daɗe da ajiye nata. Yawancin matasan da ake ɗorawa a kai jirgin ya girme su. Haka kuma an sayo Jaguar guda 18 daga Ingila a zamanin Shagari, ba su yi shekara goma suna tashi ba aka jingine su a Makurdi don an kasa kula da su, suka ruɓe a ajiye.

Kuma rufa-rufar nan ba matuƙa kaɗai take ci ba. Ranar 17 ga Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bama-bamai a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, ya kashe raunanan mutane sama da 100. Bayan watanni aka ce wai sansanin ba ya cikin taswirar da ake aiki da ita, ba a nuna wa al'umma ko mutum ɗaya da aka hukunta ba. Da aka bar wannan ta wuce, ga Tudun Biri a ƙaramar hukumar Igabi, maƙwabtan Zariya, daren 3 ga Disambar 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya afka wa masu Mauludi, hukumar agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85.

An sayo Super Tucano guda 12 daga Amurka a kan kusan dala miliyan 500, sun iso a 2021. An kuma ƙulla cinikin M-346 guda 24 daga Italiya. Kuɗin talakan da ke layin asibiti babu magani ne. Kafin a nemi ya tafa wa sababbin, a buɗe durowa a fito masa da rahoton Ejigbo, da na Katampe, da na Konduga, da na Kaduna, da sunan duk wanda ya sa hannu aka karɓi jirgin da ba shi da farfela.