MAN WIWI NA SHAFA FUSKA: TSARKI DABAM, CINIKI DABAM



Maganarmu ta yau a kan wani man shafawa ce wanda a ke ta tallarsa cikin wayoyin hannu. An ce daga tsiron wiwi a ke samo shi, wai yana sa fuska ta yi laushi, ya rage maiƙo, ya kashe ƙurajen balaga. Kowa ya sani abin da ya shiga wayar samari da 'yan mata ba ya daɗewa sai an tambaye shi a kasuwa. Ran da aka tambayi mai tebur a kasuwar Talata, shi kuma sai ya tambayi mai saro masa kaya daga Kano ko Ikko, sa'an nan a zo zaure a ce wa malam, "Ko mutum ya yi salla da wannan a fuskarsa?" Gara a shirya amsa tun tambayar ba ta iso ba.

Da fari sai mu san abin da mu ke magana a kansa, gama abu uku ne a ke kira da suna ɗaya. Na fari shi ne sinadarin da ke sa maye, wanda Turawa ke kira THC, ya fi yawa cikin furen tsiron da ƙaronsa. Na biyu wani sinadari ne mai suna CBD, shi ma daga fure da ganye ya ke fitowa, amma ba ya bugarwa. Na uku man 'ya'yan tsiron ne, ana matse shi kamar yadda a ke matse riɗi ko gyaɗa, shi kuwa ba shi da ko ɗaya cikin biyun nan sai ɗan abin da ya manne wa 'ya'yan a wajen girbi. A ƙasashen sanyi an daɗe ana noma wani iri nasa marar ƙarfi don igiya da mai, kamar yadda mu ke noma rama. A 2018 Amurka ta halatta noman irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, daga nan mayukan nan suka cika kantunansu.

To, ina gaskiyar amfaninsa? Ƙurajen balaga suna fitowa ne sa'ad da maiƙon da fata ke fitarwa ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su sami gida, wurin ya kumbura. Maiƙo dabam, ruwa dabam, don haka fuska ta kan yi ƙyalli da maiƙo alhali tana ƙishin ruwa, balle cikin hunturu in an dirje ta da sabulu mai kaifi. Man 'ya'yan wiwi ba shi da nauyi, yana tsare damshin fata kada ya tsere, wannan kam haka ne. Amma tsare damshi ba warkar da ƙuraje ba ne, kuma giliserin da ke kowane kantin magani yana yin wannan aiki. Batun CBD kuwa, a 2014 masana na Jami'ar Debrecen ta ƙasar Hungari sun gwada shi a kan ƙwayoyin fata cikin ɗakin gwaji, suka ga ya rage fitar maiƙo da kumburi. Sai dai abin da aka gani cikin kwalba ba lalle ne a gan shi a fuskar ɗan Adam ba, bai kuwa kai matsayin magungunan da likitocin fata suka daɗe suna aiki da su ba.

Sai mu zo ga malamai. Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce ga mazhabarmu. Shehu Alƙarafi, Bamalikin Masar wanda ya rasu 684 bayan Hijira, ya rarrabe cikin littafinsa Alfuruƙu tsakanin abin da ke sa maye kamar giya da abin da ke ɓata hankali kamar hashisha, watau wiwi. A wurinsa shan abin da zai taɓa hankali daga gare ta haramun ne, a kan yi wa mai sha horo, amma jikinta tsarkakakke ne, ba ta ɓata sallar wanda ke ɗauke da ita. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu 728, ya saɓa masa, ya ce najasa ce. Fatawa ta malamai ce. Roƙonmu dai shi ne kada a yi hukunci da jin suna kaɗai, a ce duk abin da aka kira wiwi najasa ne, kada kuma a tsaya ga batun tsarki a sallami mai tambaya. Abu ya kan zama tsarkakakke amma sayar da shi ya jawo wa mutum nadama.

Ga 'yan kasuwa muna da dalili biyu. Na fari, dokar ƙasa. Tun 1966 gwamnatin soja ta kafa doka mai tsanani a kan wiwi, har da hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta, kafin a sassauta a 1975. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA, ita ke farautar masu ita. Abin da Amurka ta halatta wa manomanta bai ɗaure ma'aikacin da ke tsaye a hanyar Gusau ba. In ya buɗe kwali ya ga kwalabe da hoton ganyen nan mai yatsu, ka yi ta bayani, jarinka dai ya kwana a hannun hukuma, watakila kai ma.

Na biyu, ba ka san abin da ke cikin kwalbar ba. A 2022 masana na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun bayyana sakamakon irin waɗannan mayuka da makamantansu guda 105 da suka saya suka auna. Cikin 89 da aka rubuta adadin CBD a jikinsu, 21 kaɗai ne rubutun ya yi daidai da abin da ke ciki, kuma an sami THC cikin 37. In haka ta faru a ƙasar da a ke yin su, ina ga wanda ya ratso hannu goma kafin ya iso Mafara? Wannan shi ne cinikin biri a sama, malamai kuwa sun san hukuncin sayar da abin da mai saye da mai sayarwa duka suka jahilci haƙiƙarsa.

Har wa yau akwai abin da ya fi jari. Wiwi ta riga ta ɓata mana samari da yawa. In hotonta ya hau tebur tsakanin turare da kwalli, yaro zai ce ashe abin nan magani ne, ba zai tsaya rarrabe fure da 'ya'ya ba.

Mai ƙuraje kuwa kada ya ɗauka an hana shi wani alheri. Ya wanke fuska sau biyu a yini da sabulu mai laushi, ya bar matsa ƙuraje don matsawa ke barin tabo, ya shafa mai marar nauyi mai lambar NAFDAC, ya guji man bilicin, gama wasunsu su ne ma ke haifar da ƙuraje. In abin ya ƙi, ya nufi babban asibitin Talata Mafara, ko na Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Sakkwato, akwai magani da aka jarraba, sai dai yana son haƙurin 'yan makonni.

Saboda haka shawararmu, malam ya bincika kafin ya amsa, ɗan kasuwa ya riƙe kuɗinsa ya saro abin da zai iya rantsuwa a kansa. Ribar kwalba goma ba ta biyan kwana ɗaya a tsare. Allah ya ba mu arziki na halal, ya tsare mana 'ya'yanmu, amin.