JINGAR LISSAFI: WA AKE YAUDARA, MALAM KO ƊALIBI?

Yau dai ku yi mini afuwa, na ajiye zancen littattafai gefe guda, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, idan ban amayar da shi ba ba zan samu sukuni ba.

Ƙanwata ce da ke karatun kimiyyar kwamfuta a wata jami'a ta shigo gida idanunta jawur. An ba ta sifiri a jingar wani darasi da suke kira Diskirit, wato lissafin abubuwan da ake ƙirgawa ɗai-ɗai: mantiƙi, hujjoji, ƙirge da alaƙar lambobi. Laifinta shi ne ta zauna da ƙawarta sun kwana biyu suna kokawa da tambaya guda, sai hanyar da suka bi ta zo iri ɗaya. Dokar malamin kuwa ita ce duk jingar da ta yi kama da wata, sifiri ga duka biyun. A ajin nan kuma akwai waɗanda suka karɓi amsa a WhatsApp da safiyar ranar miƙawa, suka sauya harafi biyu da tsarin layi, suka tashi da cikakken maki. Jama'a, wannan ba shi ne a bar jaki a doki taiki ba?

Ni ina ganin dokar nan ta jahilci lissafin kansa. Paul Erdos, masanin ƙasar Hungary da ya rasu a 1996, ɗaya ne daga cikin iyayen wannan fanni, ya wallafa maƙalu kusan 1,500 tare da abokan aiki sama da 500. Da a ajin ƙanwata yake, da tuni an kore shi da sunan satar amsa. Lissafi ilimi ne da ake koya ta musu da gardama. Ka kawo hujjarka, abokinka ya huda ta, ka koma ka toshe. Wanda ya hana ɗalibai wannan ya hana su rabin karatun.

Kada kuma ɗalibai su ce na goya musu baya, domin su ma ina da tawa da su. A wannan darasi amsa ba ta da wata daraja. Kowa ya san a cikin mutum 13 dole a samu biyu da aka haifa a wata guda, tunda watanni 12 ne. Abin da ake nema a wurinka shi ne ka iya shimfiɗa dalilin daki-daki, har wanda ke jayayya ya rasa mafita, sannan gobe ka gane wannan dabarar idan ta zo maka cikin wata riga. A 1736 Leonhard Euler ya nuna ba yadda za a yi mutum ya zaga birnin Konigsberg ya tsallaka gadojinsa bakwai, kowace sau ɗaya tak. Mutanen garin sun daɗe da gwadawa suna kasawa, amma shi ne ya faɗi dalili: kowane ɗaya daga cikin yankuna huɗun birnin yana da gadoji masu adadin mara, uku ko biyar. Wanda ya kwafi kalmar "ba zai yiwu ba" bai ƙaru da komai ba. Ranar jarrabawa, wadda a yawancin jami'o'inmu ke ɗauke da maki 60 ko 70 cikin 100, ba ƙawa ba waya, sai kai da biro. Nan ne ramin ƙarya ke ƙurewa, a kwashi kari-oba a dawo ana zagin malami.

To mece ce mafita? Ai ba sai mun je nesa ba. A makarantar allo ba wanda ke hana yaro ya je wurin gardi ko na gaba da shi a biya masa karatu sau goma. Amma ba zai wanke allonsa ba sai ya durƙusa gaban malam ya kawo shi da bakinsa. An halatta taimako, an kuma tabbatar da cewa karatun ya zauna. Kusan haka manyan jami'o'in Amurka da dama suke yi a irin wannan darasi: ku tattauna da wanda kuka ga dama, amma kowa ya koma ya rubuta nasa da hannunsa da kalmominsa, ya kuma rubuta sunayen waɗanda ya yi shawara da su a saman takarda. Wanda ya faɗi gaskiya ba a rage masa komai, wanda ya ɓoye aka gano shi ne mai laifi.

Ina kira ga malamanmu da su ɗauki wannan, su ƙara da abu uku. Na farko, makin jinga ya zama kaɗan, don kada ya zama abin saye da sayarwa. Sauran makin zangon a ɗora shi kan gajerun gwaje-gwaje a aji, daga cikin tambayoyin jingar ɗin. Na biyu, a riƙa kiran ɗalibai kaɗan ba zato su bayyana hujjarsu a kan allo. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, takarda mai tsabta ta daina zama shaidar komai, baki ne kawai ba ya karɓar aro. Na uku, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, a mayar wa ɗalibi jingarsa da jan biro a inda ya kauce. Jingar da aka tara a kwali a kusurwar ofis har ƙura ta cinye ta, ba koyarwa ba ce, tara takardun ƙosai ne.

Na san za a ce ɗalibai sun yi yawa, malamai sun yi kaɗan, albashi kuma bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma malamin da ke da lokacin jera takardu yana farautar masu kama da juna, yana da lokacin duba tambaya ɗaya da kyau ya bar sauran. Tambaya guda da aka gyara ta fi goma da aka yi wa kallon tsoro.

Kuma kada wani ya ce mana wannan ilimi baƙo ne. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 yana bayanin hanyoyin gina hatimi mai gidajen mara, irin wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. Hanya ya koyar, bai raba wa mutane cikakken hatimi su kwafa ba. Abin kunya ne jikokinsa su koma masu jiran amsa a waya, abin kunya ne kuma malamansu su riƙa hukunta waɗanda suka zauna suka yi tunani tare.

Ƙanwata dai sifirinta ya zauna, ta kuma ce daga yau ba za ta sake nuna wa kowa aikinta ba. Wannan shi ne darasin da aka koya mata, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Allah Ya ganar da mu baki ɗaya. Wassalam.