Manyan kwamfutocin bankuna da matsalar tura kuɗi a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Manyan kwamfutocin bankuna su ne na'urorin da ke riƙe da lissafin asusun ajiyar jama'a, kuma su ne ke tabbatar da duk cinikin da aka yi ta waya, ta ATM ko ta na'urar POS. Mafi ƙarfi a cikinsu ita ce wadda ake kira menfirem, kwamfutar da aka ƙera domin ta yi shekaru tana aiki ba a kashe ta ba. A ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da ke kudancin jihar Katsina, rassan banki ba su da yawa, kuma tafiya da tsabar kuɗi tana da haɗari saboda 'yan bindiga, shi ya sa yawancin hulɗar jama'a da banki ta koma hannun masu POS. Abubuwan da suka faru tun daga 2021 sun nuna cewa ingancin babbar kwamfuta shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa kuɗi zai isa ga mai shi.

Asalin menfirem

Kamfanin IBM na Amurka ya sanar da jerin kwamfutocin System/360 a ranar 7 ga Afrilu, 1964. Kafin lokacin, idan kamfani ya sayi sabuwar kwamfuta, sau da yawa sai ya sake rubuta manhajojinsa daga farko. System/360 ta zo da tsarin da manhaja ɗaya za ta yi aiki a ƙaramar na'ura da babba. IBM ya ci gaba da riƙe wannan ƙa'ida har zuwa na'urorin z16 na 2022 da z17 na 2025, inda manhajoji da yawa da aka rubuta da yaren COBOL shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce suke aiki har yanzu. Na'urar tana ɗaukar manhajojin gudanarwa iri-iri a lokaci guda, kamar z/OS da ta fito a 2001, da z/VM, da z/TPF, da kuma Linux.

Ɗorewarta ta samo asali ne daga yadda aka tanadi madadin kusan kowane sashe. Idan wani ɓangare ya lalace, na ajiye zai karɓi aikin, kuma ana iya canza wanda ya lalace na'urar tana aiki. Masana suna auna wannan da kaso. Tsarin da ke aiki kashi 99.999 cikin ɗari yana tsayawa ne kimanin minti biyar a shekara, wanda ke aiki kashi 99.9 kuwa tsayawarsa ta kusa awa tara.

Sauya manhaja a bankuna

Ba kowane banki ne ke amfani da menfirem ba, amma kowane banki yana da babbar manhajar da ke kula da asusu, wadda dole ta dace da manhajar gudanarwa, da rumbun bayanai, da manhajar waya, da kuma tsarin NIBSS da ke haɗa bankunan Najeriya. Lokacin da aka sauya ɗaya daga cikinsu ne aka fi samun tangarɗa. A watan Satumba na 2024 bankin Sterling ya koma manhajar SeaBaaS daga T24. A watan Oktoba bankin Zenith ya koma Flexcube ta kamfanin Oracle, shi kuma GTBank ya koma Finacle ta kamfanin Infosys na Indiya. A duka ukun, masu ajiya sun yi kwanaki suna kokawa kan kuɗin da suka maƙale da rashin iya shiga asusu.

Irin haka ta taɓa faruwa a Birtaniya. A watan Afrilu na 2018 bankin TSB ya kwashe bayanan masu ajiya zuwa sabon tsari, aikin ya ci tura, mutane da yawa suka yi makonni cikin matsala. A Disamba 2022 hukumomin ƙasar suka ci bankin tarar fam miliyan 48.65.

Hanyar da saƙon kuɗi ke bi

Idan ɗan kasuwa a Sheme ta Faskari ya tura kuɗin hatsi, saƙon yana tashi daga wayarsa zuwa turken sadarwa, ya bi waya zuwa cibiyar bankinsa, ya ratsa NIBSS, sannan ya isa bankin mai karɓa. Duk inda aka sami yankewa, cinikin ya tsaya.

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse sabis na waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina domin yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Sai a watan Disamba aka fara dawo da shi. A tsawon wannan lokaci kwamfutocin bankuna suna aiki lafiya, amma na'urar POS ba ta da amfani a waɗannan garuruwa, sai mutum ya yi tafiya zuwa inda akwai sabis.

A farkon 2023 kuma, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, jama'a suka koma tiransifa gaba ɗaya. Yawan ciniki ya fi ƙarfin tsarin bankuna da dama, aka riƙa cire kuɗi daga asusun mai saye ba tare da mai sayarwa ya ga alat ba. A ranar 14 ga Maris, 2024, lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma, ciki har da MainOne da WACS, ta sake kawo cikas ga ayyukan bankuna.

Tasiri ga jama'a

Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ba bankuna awa 72 su warware cinikin POS da ya sami matsala. Ga mai albashi a birni wannan jinkiri ne kawai. Ga manomin da ya kawo masara kasuwar da ke ci sau ɗaya a mako, yana nufin ko dai ya saki kayansa bisa amana, ko ya koma gida da su ta hanyar da ba ta da tsaro. Kai ƙorafi ma yakan buƙaci zuwa reshen banki a gari kamar Funtuwa ko Malumfashi, da kuɗin mota daga aljihunsa.

Wannan ne ya sa masu POS da yawa suke riƙe na'ura fiye da ɗaya da layukan waya daban-daban, wato dabarar tanadin madadi da aka gina menfirem a kanta. Abin da ya rage shi ne bankuna da kamfanonin sadarwa su yi irin wannan tanadi a turakun karkara, su gwada sabuwar manhaja sosai kafin su ɗora jama'a a kanta, kuma su riƙa auna ingancin aikinsu da yawan cinikin da ya kammala a wurare irin Sabuwa.