Tsargiya Ba Jini Kaɗai Take Sha Ba

Ƴan'uwa manoma na Tsibiri da Maradi da Jiratawa, yau maganarmu a kan fitsarin jini ce, wato tsargiya. Mun taso muna jin ana cewa in yaro ya fara fitsarin jini, alamar balaga ce, zai daina da kansa. Mu ma da mun yarda. Amma ba haka ba ne.

Tsargiya tsutsa ce. Idan mai ciwon ya yi fitsari a tapki ko a hanyar ruwan noman rani, ƙwan tsutsar yakan bi fitsarin. Ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan su shiga jikin wata ƴar katantanwa, su hayayyafa, su fito cikin ruwa. Yaro ya shiga wanka a ragowar ruwan gulbi, ko ya tsaya ban-ruwa ba takalmi, sai su huda fatarsa. Ba sai ya sha ruwan ba. A jijiyoyin jini na kewayen mafitsara suke zama, shekara 3 zuwa 5, wani lokaci fiye.

To, yaya baƙo zai yi shekaru a cikin jini ba a kore shi ba? Allah ya sanya mana dakaru a cikin jini, masu yaƙar cuta. Tsutsa ba ta tarar su gaba da gaba. Tana fitar da wasu sinadarai masu sanyaya musu jiki, don su ƙyale ta.

Abin bai tsaya nan ba. A cikin kowane ɗaya daga dakarun nan akwai umarnin da muka gada daga uwa da uba. Kamar littafi yake, mai shafi dubbai. Kowane shafi yana faɗa masa aikin da zai yi. Tsutsa ba ta goge baƙi ko wasali ko ɗaya. Amma ciwon yakan sa wasu ƙananan alamu su hau kan wasu shafuka, sai su manne. Mu da muke zaman aji mun sani, shafin da ya manne ko malam ba ya iya karanta shi.

A shekarar 2018 aka bayyana wani bincike da aka yi a kan yaran ƙasar Eswatini, can kudancin Afirka, masu irin wannan ciwo namu. An ga alamun nan a jinin masu tsargiya. An kuma ga dakarunsu sun yi rauni wajen fuskantar ƙwayar tarin fuka. Aka ba su magani, tsutsa ta mutu. Bayan wata 6 aka sake dubawa, alamun suna nan ba su gushe ba.

Wani zai ce, to mene ne amfanin magani? Amfaninsa babba ne. Yana kashe tsutsa, jini ya tsaya, ya kare mafitsara da ƙoda. Ƙwan da ya daɗe a mafitsara yana iya jawo ciwon daji. A ganinmu, abin da binciken ya nuna shi ne jira ba shi da kyau. Gara a hana tsutsar daɗewa, a kuma hana ta komowa.

Tun shekarar 2004 Nijar ta fara rabon ƙwayar furazikwantel kyauta. Da sanda ake auna tsawon yaro, a san ƙwaya nawa zai sha. Wasu iyaye sukan ɓoye ƴaƴansu ranar rabo, wai maganin yana sa jiri da ciwon ciki. Yakan sa, amma na ɗan lokaci ne, kuma yana raguwa in yaro ya sha fura ko ya ci tuwo tukuna.

Abin da ya fi damunmu shi ne yaran da ba su lakwal. Almajiri, da mai kiwo, da yarinyar da ke wanki a bakin tapki, su ne suka fi daɗewa cikin ruwa, kuma su ne aka fi mantawa da su. Muna roƙon masu gari da malaman allo su tara su ranar rabo. Kowane gida ya gina salga, a hana yara fitsari a ruwa, a riƙa ɗebo na wanka daga rijiya ko famfo. Wanda kuwa ya ga jini a fitsarin ɗansa yau, kada ya jira rabo. Ya kai shi likita a gwada fitsarin.